Wasan ne ba shi da kyau, ko ni ne bai yi wa ba?

Tambaya: Malam, na sayi wasan bidiyon nan Elden Ring saboda yabon da ake ta yi masa, amma kullum kashe ni ake yi har na ajiye shi. Abokina ya ce ban iya ba ne, ni kuma na ce wasan ne ba shi da inganci. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kana da damar ka ƙi wasan, amma hujjar da ka kawo ba ta isa a ce ba shi da inganci ba. Abin dubawa shi ne, me masu wasan suka yi niyya, kuma sun cim ma ta?

Kamfanin FromSoftware na Japan da gangan ya sa wahalar nan a wasan da ya fitar a 2022. Dubi Margit, ɗaya daga cikin manyan abokan gaba a wasan, wanda ke tare hanyar shiga fadar Stormveil. Yakan ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama, ya jinkirta, sai ka yi gaggawar kaucewa, sannan ya sauke maka ita daidai lokacin da kake miƙewa. In ka mutu, ka san inda ka yi kuskure, kuma gobe za ka iya gyarawa. Wannan aiki ne na gwanaye, ko da ya ƙona maka rai.

Kwatanta da wasan Cyberpunk 2077 da kamfanin CD Projekt Red ya fitar a Disambar 2020. A kan PlayStation 4 wasan yana sandarewa, yana rufe kansa ana tsaka da bugawa, mutanen cikinsa su tsaya ƙiƙam hannuwa a buɗe. Har Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga kantinta, sai a Yunin 2021 ya dawo. Babu wanda ya tsara hakan, don haka aibi ne, ko kana son labarinsa ko ba ka so.

Ni kaina faɗan bi-da-bi irin na Baldur's Gate 3 yana gajiyar da ni, amma ba zan taɓa rage masa daraja ba, domin zaɓin da ka yi a cikinsa yana sauya labarin da gaske.

To ka koma ka duba mutuwarka a Elden Ring. In maɓallin ya amsa maka a kan lokaci, kuma ka ga harin kafin ya iso, wasan ya yi aikinsa. In har yanzu ba ka jin daɗinsa, gwada The Witcher 3, wanda ke ba ka damar rage wahalar faɗa ka bi labari a natse.