Tambaya da Amsa: Na Taɓa Kuɗin Zumunta, Zargi Ya Faɗa Kan Wata

TAMBAYA

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Mabera cikin Sakkwato. Shekara huɗu da suka wuce ni ce ma'ajin zumuntar mata a ikkilisiyarmu, sai ɗana ya kwanta asibiti a lokacin da maigidana ya yi tafiya, ba ko sisi a hannuna. Na ɗauki naira 60,000 daga kuɗin ankon taron shekara da niyyar in mayar kafin wata ya ƙare, amma ban samu ba. Da ranar lissafi ta zo, sai na rubuta a littafi cewa abin da sakatariya ta miƙa mini bai kai abin da ta faɗa ba. Ba wanda ya tuhume ta a fili, amma mata suka riƙa ƙus-ƙus har ta ajiye muƙamin, daga baya ma ta daina zuwa zumunta. Na roƙi Allah gafara sau ba iyaka, duk da haka ban sake cin Jibin Ubangiji ba, kuma duk ranar da aka karanta labarin Hananiya da Safiratu, miji da matar nan da suka yi ƙarya a kan kuɗi suka faɗi matattu, jikina rawa yake yi. Shin furta wa Allah kaɗai bai isa ba? Idan na riƙa saka kuɗin a baiko kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya sani ba, na fita?

Wata 'yar'uwa, Mabera

AMSA

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne Allah bai rufe miki ƙofa ba. A 1 Yahaya 1:9 an yi mana alkawari cewa idan muka furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana, ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci. Gafarar nan ba sayenta ake yi ba, ko da naira 60,000 ko da ninkinta goma, domin Almasihu ya riga ya biya a kan gicciye. Hananiya da Safiratu kuwa, a Ayyukan Manzanni sura 5, sun shirya ƙaryarsu tare, kuma da Bitrus ya tambayi matar ta sake nanata ta. Ke zuciyarki tana damunki shekara huɗu, har kin ɗauki alƙalami kin rubuto, wannan kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne a cikinki.

To me ya sa salama ba ta zo ba? Dauda ya san wannan hali. A Zabura 32 ya ce lokacin da ya yi shiru ƙasusuwansa sun lalace, ƙarfinsa ya ƙafe kamar yadda zafin bazara yake ƙafar da ruwa. Mu da muke Sakkwato ba ma bukatar a fassara mana wannan, domin mun san yadda randa take wayar gari a cike a watan Afrilu, kafin la'asar ta yi ƙasa, mun kuma san yadda mutum yake kwana a tsakar gida yana juyi bisa tabarma, barci ya ƙi zuwa. Haka ɓoyayyen zunubi yake shanye mutum a hankali, yana cikin mawaƙa, yana sanye da ankon zumunta, amma cikinsa a bushe. A ganina, dalilin da ya sa addu'arki ba ta kwantar miki da rai ba shi ne kin kai wa Allah rabin maganar, wato ɗaukar kuɗin, kin bar ɗaya rabin yana ci gaba da aiki. Ƙaryar da ke cikin littafin nan ba ta zama tarihi ba tukuna, domin har yau akwai wata baiwar Allah da take yawo da sunan da ba nata ba.

A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. Kuɗi ana iya mayar da su a wata shida, amma matar nan ta rasa mutuncinta a gaban 'yan'uwanta, ta rasa zumuntar da take samun ta'aziyya a ciki, wataƙila mijinta da 'ya'yanta ma sun ji raɗe-raɗin. Ta san ba ta ci ba, kuma mai yiwuwa ta daɗe da gane wadda ta ci. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, idan kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Wannan ya amsa tambayarki ta biyu kai tsaye. Saka kuɗin a baiko a ɓoye ba zai fitar da ke ba, domin baiko na ikkilisiya ne gaba ɗaya, kuɗin kuwa na zumuntar mata ne, sannan ko kin saka miliyan ba zai wanke sunan sakatariya ba.

Ƙa'idar da nake bi wajen ba da shawara ita ce furci ya kai iyakar inda zunubin ya kai. Mugun tunanin da ya tsaya a zuciya, tsakanin mutum da Allah ne. Abin da ya taɓa haƙƙin wani, sai an je wurin mai haƙƙin. Tun a Littafin Ƙidaya 5:6-7 an umarci wanda ya cuci wani ya furta laifinsa, ya biya cikakke, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar, wanda a lissafinki zai zama naira 72,000. Ba muna ƙarƙashin wannan doka a matsayin sharaɗin ceto ba, amma tana nuna mana halin Allah, kuma kin san abin da 60,000 take saya shekara huɗu da suka wuce ba shi take saya yau ba. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu bayan Yesu ya riga ya shiga gidansa, wato karɓar da aka yi masa ce ta buɗe hannunsa.

Ga yadda nake ganin ya kamata ki bi. Ki fara da maigidanki, a lokacin da hankalinsa yake kwance, domin bai dace ya ji maganar a bakin wani ba, kuma kuɗin nan jinyar ɗansa aka yi da su. Daga nan ku je wurin fastonku tare, ki roƙa matarsa ko wata dattijuwa mai riƙe sirri ta zauna. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a domin mu warke. 'Yan'uwanmu Katolika suna da wannan a tsare, suna furtawa a gaban fada, wato firist ɗinsu, wanda dokar ikkilisiyarsu ta haramta masa fitar da abin da ya ji ko da za a kashe shi, kuma tun babban taron shugabannin ikkilisiyarsu, wato taron Lateran na huɗu a 1215, aka wajabta musu yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara. Ko da yake ikkilisiyoyinmu da yawa ba su ɗauke shi haka ba, ya kamata mu fastoci mu koyi wannan riƙon amana, domin na san mutanen da suka gwammace su mutu da damuwarsu saboda tsoron kada maganarsu ta zama wa'azin Lahadi mai zuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa dattawa su sa ki ƙarƙashin horo na ɗan lokaci, kuma wasu matan za su yi magana. Annabi Natan ya gaya wa Dauda cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa a take, a 2 Sama'ila 12:13, amma sakamakon abin da ya yi bai ɓace daga gidansa ba. Ba lallai ne ki tsaya gaban taron Lahadi ba, tunda ba dukan ikkilisiya aka cuta ba, sai dai matan da suka ji zargin dole su ji gaskiyar, a gyara littafin, a kuma rubuta yadda za ki biya, ko dubu goma-goma ne a wata.

Sakatariya kuwa, kada ki aika mata saƙo ta waya, kada kuma ki bari ta fara ji a taro. Ki taka har gidanta tare da matar fasto, ki faɗi abin da kika yi da sunansa, ba tare da jingina shi ga rashin lafiyar yaro ba, ko da yake gaskiya ne yaron ya yi ciwo. Idan ta yi kuka ko ta yi fushi, ki saurara har ta gama, kuma kada ki matsa mata ta ce ta yafe a ranar, domin shekara huɗu ta yi tana ɗauke da wannan kaya. Game da Jibin Ubangiji, ki bar fastonku ya sa miki lokacin komawa bayan kun zauna, ki kuma tambaye shi ko zai yiwu a gayyato ita ma ranar.