Bawa, Bacucane da Ɗa: Amsoshin Wannan Mako

Wani malamin makaranta daga Damagaram ya rubuto yana cewa: "Malam, a littafin tarihi mun karanta Faransa ta hana bauta a 1848, amma kakata ta ce har kakarta ta rasu ana kiranta bacucana. Mece ce ma'anar kalmar, kuma wa ya yi kuskure, littafin ko kakata?"

Malam, babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Dokar 27 ga Afrilu 1848, wadda Victor Schoelcher ya tsaya a kanta, ta shafi inda Faransa ke mulki a lokacin ne, irin su tsibiran Martinik da Gwadalup da Reyuniyon, da garuruwan Sanluwi da Gore a Senegal. Sojan Faransa bai ci Damagaram ba sai 1899, bayan yaƙin Tirmini. Dokar da ta shafe ku ita ce ta 12 ga Disamba 1905, zamanin Gwamna Janar Ernest Roume, kuma abin da ta hana shi ne kama mutum a bautar, ko sayar da shi, ko bayar da shi kyauta, ko musanya shi. Wanda yake gidan ubangijinsa tun da can, ba ta ce masa tashi ka tafi ba.

To a nan kalmar kakarka ta shigo. Bahaushe bai haɗa bayi a kwando ɗaya ba. Bawa shi ne wanda aka kamo a yaƙi ko aka saya a kasuwa. Bacucane, jam'i cucanawa, shi ne wanda aka haifa a gidan, iyayensa bayi. Wasu wurare su ce dimajo, kalmar da muka aro daga Fulatanci. A al'ada sayar da bacucane abin kunya ne, ya tashi da 'ya'yan gida, ya san sirrin gida, amma ba ya gado. Turawan Faransa sun tarar da wannan bambanci, ya kuwa yi musu daɗi. A takardunsu suka daina rubuta esclave, wato bawa, suka koma captif, kamamme, sa'an nan suka raba shi biyu: na fatauci da na gida. Na fataucin suka ce sun hana, na gidan suka ce ai kamar ɗan gida ne, a bar shi. Dalilinsu a fili yake: sarakai da attajiran da suke karɓo musu haraji da 'yan dako su ne masu bayin. Ni dai a ganina wannan sauya suna shi ne wayon da ya fi kowane tasiri, don abin da babu sunansa a takarda ba a tambayar kwamanda, wato Baturen mulki, a kansa daga Paris.

Kuma kada ka manta da abin da ya faru a garinku. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, suka ɗora Ballama, wanda baban fada ne, wato namijin da aka fiɗiye, asalinsa bawan sarki, ya riƙe ƙasar. Bayin sarki dama daban suke da bayin gona. Ko a Kano Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayi ne, kuma talaka ɗan asali yana faɗuwa ya gaishe su.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta tambaya: "Daga ina kalmar 'yanci ta fito, kuma me ake nufi da karin maganar nan, ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi?"

Malama, amsar tana bakinki, tunda ku can kuna cewa ɗiyauci. Tushen kalmar shi ne ɗa da ɗiya, ko 'ya. 'Yanci na nufin zama ɗa, 'yantawa kuwa mai da mutum ɗa. A tsohuwar Hausa kishiyar bawa ita ce ɗa: mai uba, mai dangi, wanda in an taɓa shi akwai masu tashi. Karin maganar ma abin da take faɗa ke nan. Ɗa kowa na iya aikensa, kowa na iya tsawata masa, don na jama'a ne. Bawa kuwa dukiya ce, ba mai hurumi a kansa sai mai shi. Yau rabin farko kawai ake faɗa wajen zancen tarbiyya, an yar da na biyun.

Wannan ya sa takardar Bature ta kasa gama aikin. Tana iya hana sayarwa, amma ba ta iya ba mutum dangi ko gona. Hanyoyin da mutane suka sani su ne fansa, bawa ko danginsa su biya kuɗi ya fita gaba ɗaya, da murgu, ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu a kai a kai don a bar shi ya yi sana'arsa. Mai murgu yana nan bawa, sai dai yakan tara kuɗin fansarsa ta nan. Waɗanda suka gudu wajen Turawa kuwa, a Sudan ta Faransa, Mali ta yau, an zaunar da su a wuraren da aka sa wa suna ƙauyukan 'yanci, daga nan ake ɗibarsu dako da aikin hanya, har mutanen ƙasar suka riƙa kiransu bayin kwamanda. An gudu ba a tsira ba. Aikin dole bai ƙare a mulkin Faransa ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. Babban motsin da aka gani bayi ne da kansu suka yi shi: a Banamba, cikin Mali ta yau, 1905 zuwa 1906, dubbai suka ajiye fartanya suka kama hanyar garuruwan da aka kamo su.

Har gobe in an zo neman aure akan aika a binciko asali, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a wasu gidajen abin da ake nema ke nan ko da ba a furta ba. Nijar ba ta sa bauta cikin laifuffukan da ake ɗauri a kansu ba sai 2003. A 2008 kotun ECOWAS, da ta zauna a Yamai, ta umarci gwamnati ta biya Hadijatu Mani sefa miliyan 10 saboda ta kasa kare ta, bayan an sayar da ita tana 'yar shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da namiji ke ajiyewa bayan matansa huɗu.

Sai wani matashi daga Kumasi da yake jin nauyin sunan mahaifinsa, Bawa, wai ko alamar asalin bauta ne.

A'a, ɗana, kwantar da hankalinka. Bawa suna ne da akan kira ɗa mai asali ma da shi, kamar a ce bawan Allah, kamar yadda bauta take nufin ibada. Bawa Jan Gwarzo sarkin Gobir ne, ɗan Sarki Babari.