Yadda ake tambayar mara lafiya batun shaye-shaye a ƙaramin asibiti

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Talata Mafara. Samari kan zo da ciwon ciki ko rashin barci, ina zargin ƙwaya ce, amma ina tsoron in tambaya su fusata. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, kada ki jira sai kin ga jan ido. Ki riƙa tambayar kowa, kamar yadda ake auna hawan jini, don wanda ya san kowa ake tambaya ba ya tsarguwa. Har da mata: binciken ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a Najeriya, ɗaya mace ce.

Ki fara sallamar ɗan rakiya, saurayi ba zai faɗi gaskiya a gaban mahaifinsa ba. Ki tabbatar masa maganar sirri ce. Ki soma da sigari, sannan ki ce: "Masu haƙar zinari da 'yan kabu-kabu da yawa suna shan abin rage gajiya. Kai fa, me kake sha, guda nawa a rana?" Ki ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya: tiramol, kodin, wiwi, sholisho, ƙwayar barci. Wasu ba sa lissafa tiramol cikin shaye-shaye, tunda a kemis suka saya.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takardar auna haɗarin shaye-shaye da ake kira ASSIST, mai tambayoyi 8, minti 5 zuwa 10 ta isa, kuma yawancinta a kan watanni 3 da suka wuce ne. Kowane abin sha ana haɗa makinsa daban. Maki 0 zuwa 3 haɗari kaɗan ne, 4 zuwa 26 matsakaici, 27 zuwa sama mai tsanani. Giya ce kawai matsakaicinta ke farawa daga 11.

Masu matsakaicin makin nan su ne aikinki. Ki faɗa masa makinsa, ki haɗa shi da abin da ya kawo shi: "Wannan taurin bayan gida, tiramol na jawo shi." Ki tambaye shi abin da yake ji wa daɗi a shan, sannan abin da ke damunsa, ki yi shiru ya yi magana. A nan ne aka fi ɓata aikin, domin da an koma wa'azi da tsoratarwa zai ce "to, na daina" don ya samu ya fita, ba kuma zai dawo ba. Ki ba shi shawara ƙarara cewa ragewa ko dainawa ta fi masa, amma shi zai zaɓi matakin farko. Minti 15 sun isa wannan hira. Ki rubuta a kati, ki ba shi ranar dawowa.

Mai maki 27 zuwa sama, ko mai yi wa kansa allura, ko mai ciki, a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Wanda ya daɗe kan ƙwayar barci irin diyazefam kada ki ce ya yanke rana ɗaya, jijjiga na iya kama shi. Likita ne zai rage masa a hankali. Tiramol kuwa iyakarsa miligiram 400 a rana ko a hannun likita, don haka mai haɗiye biyu na 225 ya riga ya wuce, shi ma yana cikin haɗarin jijjiga.