Amsa ga mai tambaya kan iskar tayar ƙaramar tirela

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka haɗa ƙaramar tirela mai taya biyu da kake ja da a-kori-kura don kai amfanin gona kasuwa, mai faci yana buga maka iska 35 PSI (ma'aunin iskar taya ke nan), wani direba kuma ya ce 65, kana son sanin wanne ne daidai. Shekarata tara ina jan irin wannan tirela tsakanin ƙauyukanmu na Gagarawa da Gumel da kasuwar Maigatari, don haka ga abin da na sani.

Amsar tana jikin tayarka. Ka samo tsumma da ruwa ka goge gefenta, ka tsuguna ka karanta. Za ka ga inda aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, kusa da shi kuma yawan iskar da take buƙata kafin ta iya ɗaukar wannan nauyin. Yawancinmu tayar bas muke sa wa tirela, wato mai lambar girma 195R14C da alamar 8PR, wadda ke nuna ƙarfin jikinta. Wannan kilo 950 take ɗauka, amma sai an buga mata 65 PSI. Idan ka bar ta a 35, sunan tayar bas kawai ya rage mata, ƙarfin ya tafi, domin iskar ce ke ɗauke da lodin, roba kuwa riƙe iskar take yi. Shi mai facin nan ya saba da ƙananan motoci ne, masu shan 30 zuwa 35, shi ya sa hannunsa ke tsayawa a nan. In kuma ka duba ka ga tayar ƙaramar mota ce a tirelar, kar ka kuskura ka kai ta 65. Iyakarta 44 ko 51 yawanci, kuma shawarata ka canza ta gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da ta zauna a bakin direbobi, wai in bazara ta shigo a rage iska kar taya ta fashe. Ni ma na yi wannan imanin har ya cuce ni. Wata Alhamis a watan Afrilu na loda buhun riɗi goma sha huɗu, na sassauta iska saboda rana. Ban kai Maigatari ba na ji ƙara kamar harbin bindiga, tirela ta karkace. Da na sauka, gefen tayar ya yi filla-filla, waya duk ta fito, warin ƙonanniyar roba ya cika wurin, hannu ma ba ya taɓuwa. Taya mai ƙarancin iska lanƙwasawa take yi tana miƙewa a kowane juyi, wannan murzar ce ke dafa ta daga ciki har ta rabu. Allah ya tsare, babu mota a bayana ranar.

Saboda haka da sassafe ake auna iska, kafin taya ta taka kwalta, ko bayan ta huta kamar awa uku a inuwa. In ka yi tafiya ka auna ka ga ta haura zuwa 70 ko fiye kaɗan, ka ƙyale ta, masu ƙera ta sun san da wannan. Duk wanda ya sace iska a lokacin, gobe da safe zai tarar da tayarsa a ƙasa da ƙa'ida. Da hunturu kuma iska na sauka da kanta, sai ka riƙa dubawa kowane mako. Ka sayi geji naka ka ajiye a mota, don na taɓa gwada na masu faci biyu a rana ɗaya suka ba ni lamba daban-daban.

Sai lissafin lodi. Taya biyu kilo 1,900 ke nan, ka cire nauyin tirelar kanta. Tawa ta kai kusan kilo 400, saura kilo 1,500 ke nan, amma yanzu ba na wuce buhu goma sha biyu masu kilo ɗari, komai roƙon mai kaya. Ƙarin iska ba ya ƙara wa taya abin da aka rubuta mata.

A yashin hanyar gona ina ɗan ragewa don kar ta nutse, in tafi a hankali, amma ba na hawa kwalta sai na mayar. Kuma tunda gwanjo muke saye, ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a shekarar 2019. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, musamman wadda ke yini a rana duk tsawon rani.

Ka ɗauko hoton rubutun gefen tayarka ka turo nan, har da safaya, in sha Allahu zan karanta maka in faɗa maka lambar da za ka tsaya a kai.