Laimar iska da boris mai aiki da iska

Ka tambaya ko laimar iska tana shafar boris ɗin da iska ce ke raba sassansa maimakon mai. Tana shafarsa, amma ba ta hanyar kaurin iskar ba, domin kaɗan ne kawai tururin ruwa yake rage shi. Babbar matsalar ita ce, idan aka matse iska mai laima sannan ta huce, tururin yana komawa ruwa, ya toshe ƙananan ramukan da iskar ke fitowa, ya kuma jawo tsatsa. Tazarar da ke tsakanin sassan boris ɗin kuwa ba ta wuce 'yan mikiromita ba (mikiromita guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), saboda haka ɗigo guda ya isa ya ɓata aiki. Shi ya sa ake sa na'urar busar da iska bayan kwamfuresa, wato injin da ke matse iskar da ake tura wa boris ɗin.