Bege, Fata da Yanke Ƙauna: Amsa ga Masu Tambaya Daga Legas

Wata uwa mai sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12 ta aiko da tambaya. Maigidanta ya rasu bara, kuma tun daga lokacin fasto yakan ce mata ta riƙe begenta, alhali ita a bakin maƙwabtanta Musulmi ta fi jin kalmar bege a kan waƙoƙin yabon Annabi. Tana so ta sani ko kalma ɗaya ce.

Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri. Kalma ɗaya ce. Asalin bege shi ne marmarin wanda zuciya take ƙauna amma ido ba ya ganinsa, kamar yadda yaron da aka kai yaye yake begen uwarsa har ya ƙi abinci. Daga nan masu yabon Annabi suka ɗauke ta, daga nan kuma ta shiga bakin Kiristoci, waɗanda suke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. In kin duba 1 Korintiyawa 13:13, inda aka jera abubuwa uku masu dawwama, za ki ga wata fassara ta sa bege tsakanin bangaskiya da ƙauna, wata kuma ta sa "sa zuciya".

Ni dai na fi jin daɗin bege, domin 'yan'uwanta ba su kai ta nauyi ba. Fata buri ne kawai: direban da ya taso da kwandunan tumatir daga Kano yana fata kada mota ta lalace a hanya, amma ba shi da tabbas. Tsammani lissafi ne na hankali, yakan kuma kuskure. Bege kuwa ba a yin sa sai ga wanda aka riga aka sani, aka kuma ɗanɗana alherinsa, shi ya sa Manzo Bulus ya ce a Romawa 5:5 ba ya kunyatar da mai shi. Saboda haka in fasto ya ce ki riƙe bege, ba yana nufin ki daina kuka ba ne, domin kewa tana cikin kalmar tun asalinta. Yana nufin kewar nan tana da inda ta dosa, wato Almasihu da alkawarinsa na tashin matattu.

Ki lura kuma da abin da Bahaushe yake cewa ga wanda ya fid da rai: ya yanke ƙauna. Bai ce ƙauna ta ƙare ba, ya ce an yanke ta, kamar igiyar guga da ta katse alhali ruwan yana nan a rijiya. Na daɗe ina jin cewa wannan furuci ya fi dogon wa'azi bayyana halin mai baƙin ciki.

Tambaya ta biyu daga wani saurayi ce a Agege, wanda ya rasa sana'arsa bayan da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, yanzu yana gadi da dare. Yana tambaya ko "komai nisan dare gari zai waye" aya ce.

Ɗana, ba aya ba ce, karin maganar Hausa ce, kuma kada ka karanta ta a majami'a da sunan Nassi. Amma tana da makusanciya a Zabura 30:5, inda aka ce kuka yakan kwana, da safe kuwa murna takan zo. Bambancinsu shi ne karin maganar ta dogara ga juyawar lokaci, Zabura kuwa ta ɗora wayewar garin a kan tagomashin Ubangiji, wanda farkon ayar ya ce fushinsa na ɗan lokaci ne. Ka karanta zaburar gaba ɗaya a bakin ƙofar da kake gadi, ayoyi 12 ne kacal.