Facebook ko WhatsApp, wanne ya fi kawo ciniki?

Hajiya, kin tambaya wanne ya fi wa mai atamfa a kasuwar Sabon Gari. A ganina Facebook da TikTok ke jawo baƙin ido, amma a WhatsApp ake ƙulla ciniki. Ki buɗe WhatsApp Business, wato WhatsApp ɗin 'yan kasuwa, ki jera kayanki. Hoto kuwa ki ɗauka da hantsi a bakin shago, don fitila tana canza launin zani, mai saye ta dawo tana ƙorafi. Don Allah ki riƙa rubuta farashi, ɗalibar jami'ar ABU da ke Samaru ba za ta tsaya tambayar "nawa ne" ba, gaba za ta yi. Kada ki ba ɗan Keke kaya sai kin ga kuɗi sun shiga asusunki, hoton rasit ba shaida ba ne.